Yadda na jingine yajina a Beijing

Wajen ƙarshen Satumba tarin ya kama ni, ban cika wata biyu da zuwa Beijing karatu ba. Busasshen tari ne, babu majina, kamar an barbaɗa min ƙaiƙayi a maƙogwaro. In na tashi da asuba sai in ji leɓena a tsage, cikin hancina na raɗaɗi, rannan ma har haɓo na yi ina alwala. Alamun duk na hunturu ne, sai dai babu hazo babu ƙura, sama tas, shuɗiya.

Na yi abin da kowane ɗan Zariya zai yi. Na buɗe gwangwanin da mahaifiyata ta cika min da dakakken yaji, na fito da citta da kanumfari da masoro, na riƙa dafa shayin da ke sa mutum gumi. Kofi uku a rana. Tari sai abin da ya ci gaba.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da na wata dattijuwa da ta yi ritaya. Ayi nake kiranta, kamar yadda ake kiran duk wata sa'ar uwa a can, kusan Goggo a wurinmu. Daren da tari ya hana mu barci mu biyu, da safe sai ga ta a ƙofa. Ta ɗauki kofina ta sansana, ta ɓata fuska.

"Yaro, gidanka na ci da wuta kana ƙara masa kara. Kaka ce fa."

Da yamma ta dawo da ɗan kwano a rufe. Wani ɗan itace ne da suke kira li, fari ƙal a ciki, ya fi tuffa ruwa. Ta yanke masa kai, ta ƙwaƙule ƙwallon, ta cusa farin sukari mai kama da ƙanƙara a ramin, ta mayar da murfinsa, ta turara kusan minti 40. Ta tsaya a kaina sai da na cinye na shanye ruwan da ya taru a gindin kwanon. A raina na ce wannan ai kayan zaƙi ne, ina maganin yake? Amma daren nan na yi barci.

Ita ce ta ja ni wurin likitan gargajiyarsu. Gargajiyar Sinawa tana da asibitoci da jami'o'i, likitan ma farar riga ya sa. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ya daɗe shiru, ya koma na hagu. Ya sa na zaro harshe. Ya tambaye ni barci, ya tambaye ni ƙishirwa, ya tambaye ni bayan gida dalla-dalla a gaban Ayi har na rasa inda zan sa kaina. Sannan ya ce "qiu zao", wato bushewar kaka.

Bayaninsa bai yi min baƙo ba, don mu ma mun tashi muna jin ana cewa wane sanyi ke damunsa, wance zafi ne ya yi mata yawa. Su dai sun tsara nasu a rubuce. Kowane yanayi na shekara suna haɗa shi da wata gaɓa ta jiki, kaka kuwa ta huhu ce da babban hanji, kuma huhu a wurinsu gaɓa ce mai laushi da ba ta son bushewa. Fata da hanci da maƙogwaro duk ƙarƙashinsa suke. Abu mai yaji yana buɗe jiki ya kori danshi waje, mai tsami kuwa yana tattaro shi, shi ya sa ƙa'idar kaka ita ce rage yaji, ƙara tsami. Ya lissafo abin ci: li, zuma, riɗi, saiwar wani dangin bado, doyarsu siririya, da wata farar laimar kwaɗi da ke narkewa ta yi yauƙi in an daɗe ana dafa ta. Yawancinsu farare ne, don a lissafinsu fari launin huhu ne. Nan kam na yi shiru kawai. Da fari na maganin tari, da tuwon shinkafa ya raba mu da asibiti tuntuni.

Abu ɗaya da na koya tun a ranar: in za a rubuta maka magani, ka faɗa tun wuri cewa kai Musulmi ne. Akwai haɗin da ake jiƙawa da giya, akwai wanda ake yi da fatar jaki, miyar li ɗin ma wasu gidajen da naman alade suke dafa ta. Likitan bai yi mamaki ba, Beijing ta saba da Musulmi. Masallacin Niujie tun shekarar 996 aka kafa shi.

Na ɗaure gwangwanin yaji a leda na tura bayan kwaba. Kwana ukun farko abinci ya zame min lami, ina ci ina tuno balangun Tudun Wada. Ruwan firji ma na daina, na sayi filas irin wanda kowane direban tasi ke ajiyewa a gefensa, ina kurɓar ruwan ɗumi duk yini. Da safe cokalin zuma. Batun barci shi ya fi sauƙi. Tsohon littafin likitancinsu, Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, cewa ya yi a watanni ukun kaka a kwanta da wuri a tashi tare da zakara. Na ce wa Ayi rabin wannan tun ina yaro nake yi, ladan ne zakarana. Ɗaya rabin, ajiye waya ƙarfe 10 na dare, shi ne ya ba ni wuya, don Beijing na gaban Najeriya da awa 7, lokacin da barci ya kamace ni lokacin hirar gida ke daɗi. Cikin mako biyu tarin ya tafi.

Daga nan na fara ɗaukar kaina gwani.

Sinawa sun raba shekara gida 24, kowane gida wajen kwana 15, tsarin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Shida na kaka ne, daga Liqiu, wato gidan shigowar kaka, wajen 7 ga Agusta. Suna kuma da karin magana cewa a dunƙule jiki a bazararsu, wato bayan fitar hunturu, a ɗanɗana sanyi a kaka, wato kada ka yi gaggawar jibga kaya, bar jiki ya saba. Wannan na riƙe. Wadda ban riƙe ba ita ce ta biyun: daga Farar Raɓa, wajen 8 ga Satumba, ba a barin jiki a buɗe, daga Raɓa Mai Sanyi, wajen 8 ga Oktoba, ba a barin ƙafa a buɗe. A ƙarshen Oktoba muka hau dutsen Xiangshan kallon ganyen da ya rine ja, ni da 'yar shadda da takalmi sau-ciki babu safa, ina yi wa abokaina 'yan Ghana dariyar rigunan sanyinsu. Na yi gumi a hawa, iska ta buge ni a ƙololuwa. Washegari haƙorana na haɗuwa.

Ayi ta zo ta taɓa goshina, ta kalli ƙafafuna, ba ta ce uffan ba. Can sai ga ta da kofi yana turiri. Na kurɓa, na ɗago kai.

"Ayi, citta ce fa."

"Citta ce da jan sukari. Shanye ka lulluɓa."

"Ba ke kika hana ni ba?"

"Wancan bushewa ce. Wannan sanyi ne ya shige ka. Tari duk ɗaya ne a wurinka?"

Na yi gumi, na ɗan ji dama, amma zazzaɓin ya ƙi sauka, numfashi ya fara yi min nauyi. A kwana na uku ita da kanta ta ce in tafi babban asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ciwon ya sauka can, aka ba ni ƙwayoyi na mako guda. Ban taɓa jin ta ce li zai maye gurbin wannan ba, kuma duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, ko ya zo da jini ko rama, ba dafaffen ɗan itace yake bukata ba, gwaji yake bukata.

Da na warke ta ba ni tsohuwar robarta ta jiƙa ƙafa. Kowane dare ruwa mai ɗumi har idon sawu, minti 15, sai safa, sai gado. Ban san me yake yi wa jijiyoyin da likitocin gargajiyarsu suke zanawa a jikin mutum ba, amma kaushin da na zo da shi daga gida ya yi laushi, barci kuma na ɗauke ni kafin in gama addu'a. Man kaɗanyar da na taho da shi na raba mata rabi, ta shafa a hannu tana ta jinjina kai.

Ranar 15 ga Nuwamba aka kunna ɗumama gidajen birnin, iskar ɗaki ta ƙara bushewa, sai na riƙa ajiye kwanon ruwa kusa da bututun. A lissafinsu kaka ta riga ta fita tun wajen 7 ga wata, lokacin cin naman rago ya shigo. Ranar Juma'a bayan an sauko na saya a Niujie, na kwance ledar gwangwanina na barbaɗa son raina. Da dare na kira gida, mahaifiyata ta tambaya ko yajin ya ƙare a aiko wani. Na ce ko rabi ban ci ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa?"