Wasiƙa daga Coventry: ƙungiyar da ta sayar da gidanta ta koma haya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gajiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu da muka yi nisa?

Na san da yawanku ba ku san da zaman Coventry City ba sai ranar Lahadin nan ta watan Afrilun 2024, da ta kusa sa wa magoya bayan Manchester United hawan jini a Wembley. United na ci uku da nema, aka farke ukun tas, har aka jefa ta huɗu ana dab da tashi, na'urar VAR ta ce satar gida ce, sai a bugun fenariti United ta sha da ƙyar. Wani ƙanena ya kira ni daga gidan kallo a Kano, ihu ya hana ni jin sa sosai. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Yaya, masu shuɗiyar rigar nan 'yan garinku ne? Ina suka ɓuya?" Na ce masa ba ɓuya suka yi ba, neman gidan haya ne ya ɗauke musu hankali. Bai gane ba. To ga bayanin, nasa da naku.

Ƙungiyar nan tana da gidanta na gado, filin Highfield Road, inda take wasa tun 1899. A tsakiyar unguwa yake, gidajen ma'aikata sun kewaye shi ta ko'ina, ga ƙarancin wurin ajiye motoci. Daga nan ta ɗauko kofin FA a 1987 bayan ta doke Tottenham da ci 3-2, a nan kuma Peter Ndlovu ɗan Zimbabwe ya yi tashe. Shekara 34 ta yi a babban rukunin Ingila ba ta faɗi ba. Sai a ƙarshen shekarun 1990 shugabanninta suka ga gidan ya yi musu kaɗan. Suka zana katafaren fili mai cin mutum 45,000, har da rufin da ake buɗewa a rufe. Don su sami kuɗi, suka sayar da Highfield Road tun ba a aza tubalin sabon ba, suka ci gaba da zama a ciki a matsayin 'yan haya.

A ganina nan aka yi ɓarin da bai kwasu ba, duk abin da ya biyo baya 'ya'yansa ne. A 2001 ƙungiyar ta faɗo daga Firimiya, kuɗin talabijin ya ƙafe, bashi ya yi mata katutu. Kasonta a sabon ginin ma sai da ta sayar. Majalisar birnin Coventry da wata gidauniyar agaji mai suna Alan Edward Higgs ne suka mallaki kamfanin da ya riƙe filin, rabi da rabi. Da aka buɗe sabon filin, Ricoh Arena, a 2005, mai kujeru 32,000 da 'yan kai, ƙungiyar da aka gina shi dominta ta shiga da takardar haya a hannu: sama da fam miliyan ɗaya duk shekara, kuma cinikin abinci da abin sha na ranar wasa ba aljihunta yake shiga ba. Ku kwatanta da mai shayin da ya kama rumfa, shi ke tara jama'a, amma kuɗin burodi da ƙwai na mai rumfa ne.

Ina da maƙwabci, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga masana'antar motoci, irin waɗanda garin nan ya yi suna a kansu a da. Shi ya ja ni wata Asabar muka je inda Highfield Road yake. Gidajen kwana ne yanzu, an bar ɗan fili mai ciyawa a tsakiya inda yara ke guje-guje. Ya tsaya kusa da wani kwandon shara, ya nuna ƙasa da sandarsa, ya ce daidai nan mahaifinsa ke ɗora shi a kafaɗa. Ya ba ni labarin wasan bankwana, da suka lallasa Derby 6-2, yana faɗa yana murmushi, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

A ƙarshen 2007 wani kamfanin zuba jari na Landan mai suna SISU ya sayi ƙungiyar. Irin kamfanonin nan ne da ke farautar abin da ya durƙushe, su saye da araha, su jira riba. A 2012 suka ce hayar ta yi tsada, suka daina biya. Gaskiya hayar ta yi tsada ga ƙungiyar da ta gangara rukuni na uku, wannan ko maƙiyin SISU ya sani. Amma mutanen gari da yawa sun ɗauka cewa dabara ce ta matse masu filin har su sayar da shi a wulaƙance. Majalisar birni ta tallafi kamfanin filin da rancen fam miliyan 14.4, SISU ta garzaya kotu tana ƙalubalantar rancen, aka shiga shari'ar da ta ci shekaru ba ta ci nasara ba. Ita kuwa ƙungiya, sau biyu ana zaftare mata maki goma-goma a 2013 saboda rikicin bashi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A kakar 2013 zuwa 2014 aka kwashi Coventry City aka kai ta Northampton, tafiyar kusan kilomita 55, wai can ne "gida". Filin Sixfields ko mutum dubu takwas ba ya ci, amma bai taɓa yi musu kaɗan ba, domin magoya baya sun yi rantsuwa ba za su ba masu ƙungiyar ko sisinsu ba. Dubu biyu da ɗoriya ne ke shiga. Akwai wani tudu a bayan filin, daga samansa ana hango yawancin wurin wasa. Nan wasu suka mayar da wurin zamansu. Na bi maƙwabcina sau ɗaya, cikin hunturu. Iska na yankan kunne, mutane sun duƙunƙune cikin manyan riguna, kowa da butar shayinsa, wani ya ɗaga kwali yana neman a mayar da ƙungiya gida. Idan ƙwallo ta gangara ɓangaren da rufi ya kare, sai a yi tsit a jira ihun na ciki. Sun yi tafiyar awa guda don su ga yaransu, sun kuma ƙi taka ƙofar. Na ga son ƙwallo a Sabon Gari da Fagge, amma irin wannan mai haɗe da fushi ban taɓa gani ba.

Da aka sasanta suka dawo a watan Satumbar 2014, mutum sama da 27,000 ne suka cika filin a wasa da Gillingham. Murna ba ta yi wata biyu ba aka sayar da filin ga Wasps, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga da asalinta 'yar Landan ce, da yarjejeniyar shekara 250. Wato baƙo ya zama maigida, ɗan gari na biyan sa haya. Su ma magoya bayan Wasps ɗin an raba su da nasu yankin ne, sai dai ba mai jin kukansu a nan. A 2019 maganar shari'a ta sake hana sabunta haya, Coventry ta koma filin St Andrew's na Birmingham har kaka biyu. Abin mamaki, a gidan aron nan koci Mark Robins ya ɗauki kofin rukuni na uku a 2020. An yi ta alƙawarin gina sabon fili, har da wanda aka ce za a yi a harabar Jami'ar Warwick. Ko harsashi ba a tona ba.

Mutanen Kano ba sai an yi muku dogon bayani ba. Kun tuna lokacin korona, da aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Lalura ce, ba wanda zai ce ba a kyauta ba. Amma ta nuna cewa mai fili ne ke da ta cewa, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Sauran labarin da sauri ya zo. Coventry ta dawo garinta a 2021. A 2022 wasannin zari-ruga na gasar Commonwealth suka tumurmushe ciyawar filin, dole aka ɗage wasannin farkon kaka. Kafin shekarar ta ƙare Wasps ta karye da bashi, kamfanin Mike Ashley, tsohon mai Newcastle, ya sayi filin a kan fam miliyan 17, ya kuma aika wa ƙungiya takardar tashi kafin a sake zama a daidaita. A farkon 2023 wani ɗan kasuwa, Doug King, ya karɓi ƙungiyar daga hannun SISU. Ranar 23 ga Agustan 2025, shekara ashirin cif da tarewa, aka sanar da cewa ya saye filin. Da yammacin ranar yaran Frank Lampard, kocin Coventry a lokacin, suka zazzaga wa QPR 7-1.

Na ƙwanƙwasa wa dattijon ƙofa da daddare don in yi masa barka. Gwiwa ta hana shi zuwa kallo yanzu, a rediyo ya saurara. Na ce to, yau dai kun yi gida. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce yana so ya san sunan wa ke kan takardar, na ƙungiya ko na mai ƙungiya, domin ya ga masu ƙungiya sun zo sun tafi. Daga nan ya tura ni in ɗora ruwan shayi, shi kuma ya shiga laluben akwatin da yake ajiye tsofaffin tikitocinsa.

A gaida mutanen gidan kallo, a ce wa 'yan United har yanzu ba mu yafe ƙwallon nan ta huɗu ba.

Naku,
daga Coventry, Ingila