Neman gudummawar burtsatse ta waya

Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu, shi ya sa da injin burtsatsenmu ya ƙone aka ɗora mini rubuta saƙon neman gudummawa. Zaurenmu na WhatsApp cike yake da jama'a, amma duk sanarwar da aka saka amsar ɗaya ce: "Allah Ya ba da iko", "Allah Ya sa a mizani". Addu'a kam mun sha ta. Asusu kuwa shiru, 'yan garuwa na ta cin kasuwarsu.

An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. To, roƙo a kasuwa ba mai jin da shi ake. Kowa na ganin ai su Alhaji wane na cikin zauren, su za su bayar. Sai na koma bin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin gaisuwar da ta dace da shi. Ga wanda na aika wa wani dattijo:

"Assalamu alaikum Baba, barka da yamma, ya iyali? Injin burtsatsen bakin masallaci ya ƙone, yara har tsallaken titi suke zuwa ɗiban ruwa. Mai gyara ya ce naira dubu 180, mun haɗa dubu 110. Muna roƙon Baba ya taimaka da dubu 5 kafin Juma'a. Ga lambar asusun a ƙasa. In an tura, a sanar da ni in rubuta."

Faɗin adadi ne ya fi yi mini nauyi, don a wajenmu kamar rashin kunya ne ka yanka wa babba abin da zai bayar. Amma shi ya fi aiki. Wanda aka ce wa "abin da ya sauwaƙa" sai ya tsaya lissafi, kada ya ba da kaɗan a raina shi, har maganar ta shige. Ga masu ƙaramin ƙarfi kuwa nakan ce ko naira 200 ce za ta yi amfani. Masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun gwada wannan a 1976, wajen tara wa masu yaƙi da cutar daji kuɗi gida-gida: da aka ƙara cewa ko kwabo zai taimaka, masu bayarwa suka ƙaru sosai.

Lambar asusu ita kaɗai nake turawa a saƙo na daban, don a kwafe ta ba wahala. Hajiyoyin da karatun boko bai dame su ba, murya nake naɗa musu, gajeriya. Masu ƙaramar waya sai tes, kuma a nan nakan haƙura da ƙ, ɗ da ɓ, domin harafi mai ƙugiya ɗaya tak na rage tes daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗin kati ya ƙaru a banza.

Wasu sun so a lissafa sunayen waɗanda ba su bayar ba a zaure, wai kunya ta sa su motsa. Ban yarda ba. Sau ɗaya nake tuni, ranar Alhamis da daddare, in haɗa da hoton rasit ɗin abin da aka riga aka saya da ragowar kuɗin da ake nema.