TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 17): Tafiyarmu Dalarna da Motar Iya

Makon jiya na tsaya muku a inda na gama jarrabawar shekarar farko a Uppsala ta ƙasar Suwidin, aljihu ba nauyi, kuɗin jirgin zuwa gida kuma ya fi ƙarfina. Na riga na sallama cewa a ɗaki zan ƙare hutun bazarar 2016, ga azumi ya haura rabi.

Tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda na laƙaba wa Iya, wata goma muna tare amma maganarmu ba ta wuce "hej", wato sannu, da batun ranar wanki ba. Har na yanke wa mutanen Suwidin hukunci a raina: ba su da dangi, ba su da garinsu, kowa tasa ta fishshe shi. Sai ga ta wata safiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Kana da lasisin tuƙi?"

Na ce ina da na Najeriya. Ta ce ta bincika, yana aiki tunda ban cika shekara a ƙasar ba. Idonta ya fara rauni, ba ta iya doguwar tafiya, kuma tun da aka haife ta bikin midsommar, wato bikin tsakiyar bazara, bai taɓa samunta a ko'ina ba sai ƙauyensu da ke gefen tafkin Siljan, a lardin Dalarna. Ita ke da mota da mai, ni ke da ido. Na roƙi alfarmar tafiya da abokina, wani Bahaushen Zangon Kumasi da muke cewa Alhaji, duk da ko filin jirgin Jidda bai taɓa gani ba.

Ranar Alhamis, 23 ga Yuni, muka ɗauki hanya a tsohuwar Volvo ɗinta. Ni na ajiye azumi, na karɓi rangwamen matafiyi, domin azumin can a wannan lokaci kusan awa ashirin ne. Alhaji ya harare ni ya ce, "Malam, kai dai ka ce yunwa kake tsoro." Na ce masa mu je zuwa.

Tuƙin ƙasar nan sai da na koyi haƙuri. Fitilar mota a kunne da rana tsaka, doka ce. Ba mai danna hon. Sau ɗaya na taɓa shi a garin Sala, Iya ta kalle ni kamar na yi ashar a masallaci. A hanya take ba mu labarin ranar 3 ga Satumba, 1967, da ƙasar gaba ɗaya ta koma tuƙi a hannun dama, tana budurwa. Na ce mata ai mu ma mun yi namu a 1972. Wannan ne karon farko da na ji dariyarta.

A Avesta mun tsaya kallon wani jan doki na siminti mai tsawon mita 13, babban yayan ƙananan dawakan katako da ake sassaƙawa a Nusnäs ana sayar wa baƙi. Hoto kawai muka ɗauka muka wuce.

Garin Falun ne ya riƙe ni. Tun da muka bar gari nake tambayar kaina dalilin da ya sa kowane gida da rumbu da garke a karkara launinsu ɗaya, ja mai duhu kamar jar ƙasar da ake yaɓe da ita, da farin baki a tagogi. Ashe daga nan abin ya fito. Mahaƙar tagulla ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙa har zuwa 1992, kuma daga tarkacen da ta bari ake dafa wannan fenti, mai araha, mai kare katako daga ruɓewa. Muka tsaya a bakin wani wawakeken rami da idonka ke juyawa in ka leƙa. Iya ta ce a 1687 ƙasa ta rufta da ramukan haƙar, amma ko mutum ɗaya bai mutu ba, saboda ranar hutun midsommar ce, ma'aikata duk suna gida. Alhaji, da leɓensa ya fara bushewa, ya ce, "Wanda bai da rabon mutuwa ke nan."

Mun isa ƙauyen da yamma, in dai za a kira wannan yamma. A nan na ga abin da ya kunyata hukuncin da na yanke. Mota bayan mota, daga Stockholm, daga Göteborg, 'ya'ya da jikoki suna sauke jakunkuna, tsofaffi na tsaye a ƙofa suna ƙirga wanda bai iso ba. Jajibirin sallah sak, irin yadda tashar Kano ke cika da masu komawa gida. Iyar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ga ta tana ba ƙannenta umarni, tana magana da wani karin harshe da ɗan abin da na koya a aji bai kama ko kalma ɗaya ba.

Washegari Juma'a aka tashe mu tsinkar furanni da ganye. Aka naɗe wani dogon gungume da su, aka rataya masa zobba biyu na ganye. Tayar da shi gayya ce: maza sun jeru da dogayen sanduna bibbiyu ɗaure kamar almakashi, wani dattijo na ba da murya, a tura, a tsaya, a matsa gaba, masu goge na ta kiɗa. Aka miƙo min sanda ba tare da an tambaye ni daga ina nake ba. Mata sanye da kayan gargajiya, kuma Iya ta nuna min cewa kowace gunduma da irin nata ɗinkin, mai ido yana ganin zanen da mace ta ɗaura ta gaba ya san 'yar Leksand ce ko 'yar Rättvik. Da gungumen ya miƙe sai aka kewaye shi, manya da yara, likitoci da malaman jami'a, hannu a kunne, hannu a baya, suna tsallen kwaɗo. Abin da soja ke sa mai laifi a bakin titi, su shi ne rawar shekara. Na yi, ba zan ɓoye muku ba. Alhaji yana da hoton, kuma har yau da shi yake min barazana.

Abincin kuwa, sabon dankalin turawa da wani abu kamar kindirmo sun yi daɗi. Kifin da aka jiƙa ɗanye a ruwan tsami da sukari da albasa, na haɗiye loma ɗaya don kunya. Giyarsu da suke rera waƙa kafin su kurɓa, Iya da kanta ta ce kada a miƙo mana, ta ajiye mana ruwan 'ya'yan itace.

Can wajen ƙarfe tara, rana na nan daram, ta ce in kai ta wani wuri. Muka hau wata hanyar burji cikin daji, sauro kamar ya ɗauke mu, har muka isa wasu tsofaffin bukkokin katako da suka yi furfura. Fäbod suke kiransa. Nan ne matan ƙauye kan kawo shanu da awaki su yi bazara, saboda ciyawar kusa da gida a bar ta a yanka don hunturu. Su yi tatsa, su kaɗa man shanu, su yi cuku. Mashekari ke nan, na ce a raina. Nan Iya ta yi bazarar yarintarta tare da kakarta.

Sai ta matsa bakin fili, ta gyara tsayuwa, ta saki wata murya. Siririya, mai tsayi, ba kalma a cikinta, ta ratsa dajin ta dawo. Kulning ake ce masa, kiran shanu ne. Ta sake. Jim kaɗan muka ji ƙararrawa daga nesa, wasu ƙananan shanu marasa ƙaho suka ɓullo daga cikin itatuwa, suna tafe suna kallonta. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, kuma ina yaro na sha ganin kawuna ya tsaya a bakin ruga ya kira saniya da sunanta ta baro garke ta zo. Tsigar jikina ta tashi. Na juya kamar ina korar sauro, don kada ta ga idona.

Da muka dawo muka tarar da Alhaji zaune a kan dakali, dabino uku a hannu, ya zuba wa rana ido kamar mai bin ta bashi. Sai wajen goma da rabi ta faɗi. Ya sha ruwa, na haɗa magariba da isha'i a kan ciyawa, sama kuwa ja ɗin nan bai gushe ba, har ana iya karanta takarda a waje. Bai gama hutawa ba agogon wayarsa ya buga na sahur. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Malam, wannan rangwamen naka, har yanzu da saura?"

Da safe Iya ta shimfiɗa taswira a teburin kicin, ta ɗora yatsa a kan garin Mora, sannan ta ja shi sama can arewa, inda ta ce rana ba ta faɗuwa ko na minti ɗaya. Abin da ya same mu a wannan hanya, da dabbar da ta tsaya mana a tsakiyar titi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.