Zangon karatu ɗaya a Jami'ar Warsaw

Daga Abuja na tashi, muka yada zango a Santambul, washegari muka sauka a filin jirgin sama na Chopin da ke Warsaw, babban birnin Poland. Ƙarshen Satumba ne, domin su a farkon Oktoba suke buɗe shekarar karatu. Sashen harsuna da al'adun Afirka ne ya gayyace ni in koyar da Hausa har zuwa Fabrairu.

An kafa jami'ar a 1816, babbar ƙofarta kuma tana kan titin Krakowskie Przedmieście, wanda in ka miƙe shi zai kai ka tsohon gari. Wannan tsohon garin sojojin Jamus sun rushe shi ƙurmus a 1944, bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen suka sake gina shi yadda yake a da, har da launin bango.

Ranar farko a aji na yi sallama, ɗalibai suka amsa da "Barka da zuwa, Malam" baki ɗaya. Nahawu kam sun sha shi. Ɗaliba 'yar aji biyu za ta zayyano maka ajin aikatau bakwai ba gargada, abin da ɗalibanmu da yawa a gida sai sun yi tunani. Amma da ka ce mata "Ina gajiya?" sai ta tsaya tana lalube. Harshensu ba shi da karin sauti, ba ya kuma bambanta dogon wasali da gajere, ga ɓ da ɗ da ƙ suna ba su wuya. Nan na gane inda amfanina yake. Na rage rubutu a allo, muka koma magana. Mukan mayar da aji kasuwar Kurmi, wannan mai saye, wancan mai sayarwa, a yi ta ciniki har a kai ga "albarka" ko "sallama". Wata rana gaisuwar suna, wata rana ta'aziyya. Kafin Kirsimeti, wanda da ba ya iya haɗa jimla biyu ya fara jan gaisuwa har sai na ce ya isa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka riƙi ajami. Farfesa Stanisław Piłaszewicz na wannan jami'a ya yi shekaru yana aiki a kan rubuce-rubucen Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan da ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, waɗanda Bajamushe Adam Mischlich ya tattara. Ɗalibai a can sun san sunan Alhaji Umaru. Raina ya sosu da na tuna yawan masu digirin Hausa a wajenmu da ba su taɓa karanta layi ɗaya nasa ba, alhali da yawansu da allo suka fara karatu.

Sanyin Disamba ya wuce duk hunturun da na sani. Rana kan faɗi wajen ƙarfe uku da rabi, don haka Azahar da La'asar da Magariba duk cikin lokacin aiki suke riskata, sai na riƙa shimfiɗa darduma a ofis tsakanin darasi da darasi. Juma'a nakan je masallacin unguwar Ochota, inda na haɗu da Larabawa da Turkawa da Tatar, waɗanda kakanninsu Musulmi suka zauna a wannan yanki tun ƙarni na 14. Abinci kuwa, pierogi, wato dafaffen ƙullin fulawa mai cikin dankali da cuku, shi ne ya rufa mini asiri, sai yajin da uwargida ta ƙunsa mini.

A Fabrairu aka yi jarrabawar baka. Kowane ɗalibi ya shigo shi kaɗai, muka gaisa, ya ba ni labarin garinsu da Hausa. Biyu daga cikinsu sun nemi in haɗa su da malamai a Kano, suna son zuwa bincike, ina dawowa kuwa na fara rubuta musu wasiƙun.