Laraba, lissafi da gardamar Yaya

Darasin yau, na cinikin damar sayen hannun jari (options), ya tsaya min a wuya. Misalin da aka ba mu mai sauƙi ne: hannun jari yana dala 100, ka biya dala 3 ka sayi damar mallakarsa a dala 105 nan da wata guda. In ya kai 112, ribarka dala 4 a kan kowane ɗaya. In bai wuce 105 ba, ukun nan ta tafi. A Amurka kwangila ɗaya hannun jari 100 ce, wato dala 300 ka zuba ke nan.

To daga ina ukun ta fito? Lissafin da Fischer Black da Myron Scholes suka fitar a 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar irin wannan ciniki a Shikago, abu biyar yake kallo: farashin yau, farashin da aka yanke, sauran wa'adi, kuɗin ruwa, da yawan tangal-tangal ɗin farashin. Hasashenka na zai hau ko zai faɗi ba ya ciki sam! Dalili kuwa, mai sayar maka da damar yana riƙe wani kaso na hannun jarin, yana ƙarawa yana ragewa, har ya zama duk inda farashi ya nufa bai dame shi ba. Girgizar kawai yake caja. Ni kuwa har rawar kai nake da na gane.

Da daddare na kai wa Yaya labari da zumuɗi. Ko ɗago kai bai yi daga tuwonsa ba.

"Caca ce, ƙanena."

Na ce, "Haba Yaya, ai kamar kafin alƙalami ne a cinikin fili."

Ya ce kafin alƙalami ana lissafa shi cikin kuɗin fili, ukun nan fa? Kuma damar kanta ake sayarwa, hannu zuwa hannu, yawancinsu ba mai niyyar karɓar kayan. Ya ƙara da cewa majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta ce bai halatta ba. Har yanzu ina ganin wanda ke kare dukiyarsa daga faɗuwar farashi daban yake da ɗan caca, amma bakina ya mutu a wajen.

Umma ta ce mu tashi mata daga tabarma.

Ciwon kai. Shayi ba madara. Gobe darasin yadda wa'adi ke cinye darajar damar kullum, kuma ban san ko da wace zuciya zan zauna masa ba.