Milisakan 40 da suka hana ni barci: mako na uku da TCP

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan koyo. Mako na uku ke nan ina koyon TCP, ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna bayanai da tabbatar da isowarsu. Har yanzu kayan aikin ba su canza ba: tsohuwar kwamfutar cinya da na samo a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik a nan Jidda, da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi guda ɗaya, dukansu a kan Linux, waya ta haɗa su kai tsaye a kan teburin ɗakina.

Ƙaramin shirin da na rubuta yana aika kowace buƙata kashi biyu, ya fara tura kan saƙo, sannan ya tura jikinsa, ya zauna jiran amsa. Wayar ba ta fi kamu uku ba, amma da ƙyar shirin yake kammala buƙatu 25 a sakan ɗaya. Daren Juma'a bayan isha'i na buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna fakitoci, wato gutsattsarin bayanan da ke bi ta waya, sai ga giɓi iri ɗaya yana maimaituwa tsakanin fakitin farko da na biyu, milisakan 40 ko ɗan sama da haka. Wanda ya raba milisakan 1000 da ke cikin sakan ɗaya da 40 ya ga inda 25 ta fito.

Ashe ladabi ne ya yi wa ɓangarorin biyu yawa. Mai karɓa ba ya gaggawar tura ACK, wato saƙon shaidar cewa fakiti ya iso. Yana riƙe shi ko wani fakitin zai biyo baya, ko ya sami amsar da zai goya shi a kanta. Takardar ƙa'idojin intanet RFC 1122 ta 1989 ta yarda da wannan jinkiri matuƙar bai kai rabin sakan ba, kuma aka shaida aƙalla kowane cikakken fakiti na biyu. Linux tana farawa daga milisakan 40, Windows kuwa an daɗe da saninta da 200. Shi kuma mai aikawa yana bin dabarar da John Nagle ya wallafa a 1984, wadda ke hana shi sakin ƙaramin fakiti muddin akwai na baya da ba a shaida ba. Sai suka zama kamar dattawa biyu a ƙofar zaure, kowa yana cewa ɗan'uwansa bisimilla, har agogon jinkirin ya raba gardama. Abin da ya ruɗe ni da farko shi ne buƙatun farko suna wucewa lafiya, domin Linux tana shaidawa nan take a farkon haɗi.

Na gwada magani uku. TCP_QUICKACK, saitin da ke sa a tura ACK nan take, a wajen mai karɓa ya kawar da giɓin, sai dai ba ya zama daram, dole shirin ya riƙa sake kunna shi bayan kowane karatu. TCP_NODELAY, saitin da ke kashe dabarar Nagle, a wajen mai aikawa shi ma ya yi aiki. Amma wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne haɗa kan saƙon da jikinsa a rubutu ɗaya, tunda laifin daga shirina ya samo asali.

Inda na sha mamaki shi ne gwajin manyan bayanai da iperf3, manhajar auna gudun hanya. Na zaci kashe jinkirin zai ƙara gudu sosai, sai na ga bambancin bai taka kara ya karya ba, domin fakitoci suna kwarara a jere, na biyu yana isowa tun kafin agogo ya yi nisa. Ribar da na samu kawai ita ce ƙarin ACK a hanyar dawowa. Da na sa netem, manhajar Linux mai ƙara jinkiri a hanya da gangan, ta mayar da zuwa da dawowa milisakan 100, na kuma taƙaita taga, wato yawan bayanan da za a iya turawa kafin a sami shaida, a bayit 65,535, gudun ya tsaya kusa da megabit 5 a sakan, kamar yadda lissafi ya nuna, ko an jinkirta shaida ko ba a jinkirta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan matse hanyar dawowa kaɗai in ga a wane mataki yawan ACK yake fara rage gudun.