Yaron da bai buɗe baki ba, a fara duba kunnensa

A 1924 likitan kunne Emil Fröschels ya kafa IALP a birnin Biyana na Ostiriya, ƙungiyar masu gyaran magana da murya ta duniya. Shi Bayahude ne, mulkin Nazi ya kore shi zuwa Amurka, amma ƙungiyar ta ɗore, tana taro duk shekara 3.

Ba mamaki da likitan kunne ya fara. Yaron da ba ya ji sosai ba zai kwaikwayi magana ba. Iyaye, idan ɗanku ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ku bar cewa "nauyin baki ne". Ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan Kaduna, a gwada jinsa. Mai in'ina kuwa, don Allah kar a ƙarasa masa zance, balle duka.